Yaz Zo Ko Ya Zo? Shawarwari Ga Iyaye A Sakkwato Kan Furuci Da Raba Gaɓa

Yaron da ya tashi a Mabera ko Runjin Sambo ko cikin gari wajen Kanwuri, kafin rana ta faɗi yakan ba da labarin abin da ya wuce da baki uku ko huɗu. Da safe a gida ya ce "munka tahi". A aji malamin Hausa ya sa shi ya rubuta "muka tafi", malamin Ingilishi kuma yana jiran *we went*. Da la'asar a Islamiyya ko a zauren malam, ga *zahabna*. Magana ɗaya ce, amma kowane harshe da inda yake ajiye alamar cewa aiki ya shuɗe. Wani a jikin wakilin suna yake ajiye ta, wani a ƙarshen aikatau, wani kuwa a wasali guda tal. Ga shi kusan duk abin da yaro zai karanta a shekarunsa na farko, tatsuniya ce ko tarihin Shehu ko labarin littafin aji, da shuɗaɗɗen lokaci aka rubuta shi. Wanda ya yi tuntuɓe a nan zai riƙa yin sa a kowane layi.

Bakin ɗan Sakkwato ya riga ya iya abubuwan da ake wahalar koya wa wasu. Ya iya jan wasali, ya iya danna baƙi sau biyu, ya san inda murya take hawa da inda take sauka. Abin da ya rage shi ne idonsa ya gane a takarda abin da harshensa yake yi tun yana goye. Wannan kuwa aikin gida ne, kuma ba ya bukatar kuɗi.

1. A fara da tafi kafin a ɗauki alƙalami.

A faɗi kalma a hankali, yaro ya tafa hannu sau ɗaya ga kowace gaɓa. *Ta-fi*, tafi biyu. *Ka-ran-ta*, uku. *Gir-gi-za*, uku. *Wa-tsar*, biyu. Mahauci ba ya sara a tsakiyar ƙashi, gaɓa yake nema, haka ma mai karatu. Yaron da ya saba jin inda kalma take lanƙwasawa ba ya tsoron doguwar kalma, don ya san guntu-guntu zai ɗauke ta.

Gaɓar Hausa iri uku ce kawai. Akwai baƙi da gajeren wasali, kamar *ta* da *fi* a cikin *tafi*. Akwai baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, kamar *ka* a *kama*, ko *ɗau* a *ɗauka*. Sai baƙi da wasali da baƙin da ya rufe, kamar *ran* a *karanta*. Ta farko ita ce marar nauyi, biyun ƙarshe masu nauyi. Ba sai an ɗora wa ɗan shekara shida waɗannan sunaye ba. Ya isa ya ji cewa *ai* da *au* tafi ɗaya suke ci: *sau-ka*, *ai-ka*, *kai*. Yara da yawa suna raba su gida biyu, su ce *sa-u-ka*, daga nan karatu ya fara tsinkewa.

Shirin Mu Karanta! da aka gudanar a azuzuwan farko na firamaren jihohin Sakkwato da Bauchi a kan sautin harafi da gaɓa ya dogara. Idan littafinsa yana cikin jakar yaronku, ku buɗe ku bi yadda aka jera darasin, kada gida ya ja gabas makaranta ta ja yamma.

2. Kada a kore Sakkwatanci daga bakin yaro.

Nan ne iyaye masu son ɗansu ya yi fice suka fi yin ɓarna. Yaro ya ce "Inna, Yaya yat tahi kasuwa da kekena shi yas sa ban zaka ba", sai a daka masa tsawa wai ya yi Hausar ƙauye. Ba Hausar ƙauye ba ce. Hausar birnin Shehu ce, kuma a wannan fanni na shuɗaɗɗen lokaci ta fi Daidaitacciyar Hausa fayyace magana.

Hausa tana da shuɗaɗɗen lokaci iri biyu. Na ɗaya shi ne na ba da labari kai tsaye: na zo, ka zo, kin zo, ya zo, ta zo, mun zo, kun zo, sun zo, an zo. Na biyu shi ne wanda yake zuwa bayan tambaya, ko bayan *da*, ko inda aka ƙarfafa wani abu, ko a jerin labari: na zo, ka zo, kika zo, ya zo, ta zo, muka zo, kuka zo, suka zo, aka zo. Ku duba da kyau. A rubutun boko *na, ka, ya, ta* iri ɗaya suke a jerin biyu. Bambancin yana baki ne kawai, na ɗaya da ja, na biyu a gajarce.

Basakkwace ba ya barin wannan ruɗani. A na biyu yana cewa *naz zo, kaz zo, kinka zo, yaz zo, taz zo, munka zo, kunka zo, sunka zo, anka zo*. Baƙin farkon aikatau yakan dawo baya ya rufe gaɓar wakilin suna: *yat tahi, tac ce, kab bi, yas sha, nag gani*. Masana nahawu, cikinsu har da Paul Newman mai babban littafin nahawun Hausa na shekarar 2000, sun bayyana wannan shadda a matsayin ragowar *ka* ɗin nan da ake ji a *munka* da *sunka*. Ke nan siffar yamma ce ta riƙe tsohon tsari, ta gabas ta sauƙaƙa shi. Marubuta waƙa sun daɗe da sanin amfaninta. *Sun-ka* gaɓa mai nauyi ce da marar nauyi, *su-ka* kuwa marasa nauyi biyu, shi ya sa har mawaƙin Kano ko Zariya yakan ari *sunka* idan karin waƙarsa ya nema. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ma bai zubar da kalmomin Sakkwato ba, alama ya sa musu.

Abin yi shi ne a koya wa yaro cewa riga biyu gare shi. A mai da abin wasa: uwa ta faɗi jimla da Sakkwatanci, yaro ya juya ta zuwa Hausar littafi. "Mi kac ce?" ya zama "Me ka ce?" "Jiya anka yi ruwa" ya zama "Jiya aka yi ruwa." "Shi yah hwaɗi" ya zama "Shi ya faɗi." A nan ne kuma za a nuna masa cewa *h* da *hw* na bakinsa sau da yawa *f* ne a takarda: *tahi* da *tafi*, *hita* da *fita*, *hwara* da *fara*. A gaya masa gaskiya cewa masu duba jarrabawar WAEC da NECO Daidaitacciyar Hausa suke ba maki. Wannan dalili ya ishe shi. Ba sai an sa masa ƙyamar maganar kakarsa ba.

3. "Ya zo" huɗu ne, a koya masa gwajin jam'i.

Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. Tun zamanin Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, har tarurrukan daidaita rubutu na Bamako a 1966 da Yamai a 1980, a haka aka bar rubutun yau da kullum. Saboda haka kalmomi biyu ɗin nan, *ya zo*, suna iya ɗaukar karatu huɗu:

Bello ya zo jiya. Nan *ya* doguwa ce, murya a sama.
Jiya ne Bello ya zo. Nan gajera ce, murya a sama.
A gaya wa Bello ya zo. Gajera, murya a ƙasa. Umarni ne, bai zo ba tukuna.
Kwantar da hankalinka, Bello ya zo. Doguwa, murya ta hau ta faɗo. Ana sa ran zuwansa ne.

Babba yana rarrabe su ba tare da ya san yana yi ba. Yaro mai koyon karatu kuwa yakan karanta duka da murya ɗaya, sai ya kai ƙarshen jimla bai san ko Bello ya iso ko ana jiransa ba. Maganin mai sauƙi ne. A ce masa ya mai da mutum ɗaya mutane da yawa. Idan *sun zo* ta zauna, a ja wasali. Idan *suka zo* ce ta zauna, a gajarce. Idan *su zo* ce, a sauke murya. Idan *sa zo* ce, a hau a faɗo. Jam'i ba ya ɓoye komai, kowane lokaci da siffarsa.

Ɗan Sakkwato yana da gwaji na biyu wanda ɗan Kano ba shi da shi: ya faɗi jimlar da harshen gida. Duk inda bakinsa ya kawo *yaz zo*, to shuɗaɗɗen lokaci na biyu ne, a littafi gajeren wasali ke nan.

Wannan ba matsalar yara kaɗai ba ce. Saƙon waya da aka rubuta "Na ce ya biya" ya sha haɗa 'yan kasuwa faɗa, domin mai rubutu yana nufin ya umarci mutum ya biya, mai karatu kuma ya fahimci an riga an biya. Idan maganar kuɗi ce, a ƙara kalma: "ya riga ya biya", ko "ya je ya biya".

4. Tagwayen baƙi, a yanka a tsakaninsu.

Duk inda baƙi ya zo sau biyu a jere, na farko rufin gaɓar baya ne, na biyu mabuɗin ta gaba. Sunan garin ma haka yake: *Sak-kwa-to*. Aikatau na Hausa cike yake da wannan, musamman inda aka maimaita aiki ko aka yi shi ga abubuwa da yawa. Ya kama, ya *kak-ka-ma*. Ta rufe, ta *rur-ru-fe*. Sun yanka, sun *yay-yan-ka*. An ɗaure, an *ɗaɗ-ɗau-re*. Yaron da ya tsallake baƙi ɗaya a karatu ya rage yawan aikin, wanda ya tsallake shi a rubutu kuma ya yi asarar maki.

Sai a kula da haruffan da suke biyu a ido amma ɗaya a baki: *sh, ts, ky, gy, ƙy, kw, gw, ƙw, fy*. Ba a raba su. *Tsa-ya*, *kwa-na*, *gya-ra*, *ƙya-le*. Idan za a ninka su, harafin farko kaɗai ake maimaitawa: *tsat-tsa-ga*, *shas-sha-re*, *gyag-gya-ra*, *kwak-kwa-she*. Wannan ƙa'ida ko manyan ma'aikata suna faɗuwa a kanta, ku duba allunan shaguna a hanyar Ahmadu Bello ku gani.

Haruffa masu ƙugiya kuma, *ɓ, ɗ, ƙ*, a sa yaro ya riƙa sa musu ƙugiyarsu tun yau. *Ya dauka* ba kalma ba ce. *Ya kare* da *ya ƙare* kuwa kalmomi ne biyu masu ma'ana daban.

5. A saurari wasalin ƙarshen aikatau.

A Hausa alamar lokaci tana jikin wakilin suna, amma ƙarshen aikatau ma yana motsi gwargwadon abin da ya biyo baya. Baba ya *sayi* rago. Baba ya *saye* shi. Ragon da Baba ya *saya*. Baba ya *sayo* rago daga Acida. Aikatau ɗaya, ƙarshe huɗu. Haka *ɗauki, ɗauke, ɗauka, ɗauko*, haka *nemi, neme, nema, nemo*. Yaro yana faɗin su daidai a hira, amma a karatu yakan ga farkon kalma ya cinci sauran. A sa ya ɗora yatsa a kan gaɓar ƙarshe kafin ya furta. Idan ya yi cinta, kada a faɗa masa amsa, a ce "sake duba wutsiyar".

6. Abin da baki ya haɗa, ba lalle alƙalami ya haɗa ba.

Wakilin suna daban, aikatau daban: *ya tafi*, ba *yatafi* ba. *Sun zo*, ba *sunzo* ba. *Muka, kuka, suka, aka, kika* kalma guda ce kowacce. A korewa ana rubuta *ban zo ba, bai zo ba*, amma *ba ta zo ba, ba mu zo ba, ba su zo ba* a rarrabe. Haka nan baki yana cewa *sum bi*, *am ba shi*, *mum manta*, domin *n* takan rikiɗe idan ta haɗu da *b* ko *m*, amma a takarda *sun bi, an ba shi, mun manta* ake rubutawa.

Babban mai rushe wannan a yau shi ne rubutun WhatsApp da Facebook. Yaro yana ganin saƙon mahaifinsa "yazo yace bazaizoba", ya ɗauka haka Hausa take. Ba na cewa a hana kowa saurin rubutu, amma saƙon da za a tura wa ɗa ko 'ya ya cancanci a rarrabe kalmominsa.

7. A ɗauko abin da allo ya koyar a kai shi boko.

Tsarin makarantar allo tun asali tsarin gaɓa ne. Ana fara babbaƙu, a san baƙaƙe tsiraru. Sai farfaru, a ɗora musu wasali bisa, wasali ƙasa, rufu'a da ɗauri. Sannan a shiga haɗa su. Yaron da ya bi wannan hanya ya san cewa baƙi mai ɗauri rufe gaɓa yake yi, ya san shadda baƙi biyu ne a cikin ɗaya, ya san alif da wawu da ya suna jan wasali. Abin mamaki shi ne yadda ake barin wannan ilimi a bakin ƙofar makarantar boko kamar takalmi. A gida ne za a ƙulla su. A ce masa: *n* ɗin *karanta* ɗauri gare ta. *Kk* ɗin *kakkama* shadda ce. *Ya* ɗin "Bello ya zo jiya" da ajami ne da an sa mata alif.

Ajami ya fi boko a wannan wuri, don yana nuna ja yana nuna shadda. Idan akwai dattijo a gidan da ya iya shi, a roƙe shi ya rubuta wa yara *ya zo* mai ja da marar ja a allo su gani da idonsu. Rubutun da su Nana Asma'u suka yi waƙoƙinsu na Hausa da shi ke nan, waɗanda malamai mata da ake kira jaji suka riƙa kai wa ɗalibansu mata 'yan taru a ƙauyuka.

A Larabci kuwa, fi'ili madi, wato shuɗaɗɗen lokaci, shi ne wurin da wasali guda yake sauya mai aiki. *Ka-tab-tu*, na rubuta. *Ka-tab-ta*, ka rubuta. *Ka-tab-ti*, kin rubuta. *Ka-ta-bat*, ta rubuta. *Ku-ti-ba*, an rubuta. Shadda ma haka: *a-li-ma*, ya sani, *al-la-ma*, ya koyar. Malaman tajwidi suna kiran kuskuren da ya taɓa irin waɗannan wasula lahani bayyananne, don yana iya juya ma'ana. Saboda haka idan yaro yana tilawa da dare, kada a bar shi yana haɗiye ƙarshen kalma don sauri. Gara shafi ɗaya a tsanake. Wannan fanni na sarfu ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829, ya tsara shi a waƙe cikin littafinsa Hisnur Rasin, kuma har yau ɗaliban zaure suna karanta Lamiyyatul Af'al ta Ibnu Malik a kan siffofin fi'ili.

Abu ɗaya a kiyaye: allo na gargajiya da ruwayar Warshu yake tafiya, yawancin Islamiyyu kuma da Hafsu. Idan yaro yana zuwa duka biyun, zai ji wasu kalmomi da furuci biyu. A gaya masa duka ingantattu ne, ya bi kowane malami da ruwayarsa.

8. Ingilishi: ba kowace *-ed* ce gaɓa ba.

Matsala biyu ce take haɗuwa a nan. Ta farko, Bahaushe ya saba alamar lokaci tana gaban aikatau, shi ya sa yaro yake cewa *yesterday he go*, a ransa *he* ta gama aiki kamar yadda *ya* take gamawa. Ta biyu, gaɓar Hausa ba ta farawa ko ƙarewa da baƙi biyu. Idan bakinmu ya ci karo da su, ko ya cusa wasali a tsakani ko a ƙarshe, ko ya yar da ɗaya. Ta haka *bread* ya zama burodi, *bench* ya zama benci. To *walked* sai ta fito ko dai "wokid" ko "wok", kuma ta biyun ta fi muni don lokacin ya ɓace gaba ɗaya.

Ƙa'idar uku ce. Idan aikatau ya ƙare da sautin *t* ko *d*, *-ed* gaɓa ce cikakkiya: *wan-ted, nee-ded, star-ted*. Idan ya ƙare da sautin da maƙogwaro ba ya kaɗawa, irin *k, p, s, sh, ch, f*, sai a ji *t* kawai ba ƙarin gaɓa: *walked, stopped, washed, passed*. Sauran duka *d* ce, ita ma ba ƙarin gaɓa: *played, called, cleaned*. A koma ga tafi. *Walked* tafi ɗaya, *wanted* biyu, *opened* biyu ba uku ba. Don gane kaɗawar maƙogwaro, yaro ya ɗora yatsu a wuyansa ya ja *sss* sannan *zzz*, zai ji bambancin da kansa.

Dabarar fitar da baƙin ƙarshe ita ce a jingina shi da kalmar gaba idan da wasali ta fara. *Walked in* a faɗe ta kamar *wok-tin*, *called us* kamar *kol-das*. Gaɓoɓin sun koma irin na Hausa, *t* da *d* kuma sun tsira.

Masu bauɗewa irin *went, bought, taught, saw* ba su da wata dabara sai hadda, kuma ɗan allo ba ya tsoron hadda. Biyar a mako sun isa, kowace a cikin jimla. A ja kunnensa a kan *read*, wadda rubutunta ɗaya ne a yanzu da a da, amma a shuɗaɗɗen lokaci "red" ake cewa.

9. Idan a gidan akwai mai koyon Italiyanci.

Ba abin nesa ba ne kamar yadda ake zato. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko saboda ta can ayari yake fitar da ita, har yau Italiya tana cikin manyan masu sayen irinta bayan an jeme. Akwai ɗalibai, akwai masu bin miji ko mata, kuma tun ƙarshen 2018 dokar ƙasar ta sa sai an nuna shaidar iya harshen a matakin B1 kafin a ba baligi takardar zama ɗan ƙasa ta hanyar aure ko daɗewar zama. A can ma Jami'ar L'Orientale ta birnin Napoli ta daɗe tana koyar da Hausa.

Bahaushe yana shiga wannan harshe da jari a hannu. Wasulan a rubuce biyar ne irin namu, *c* kafin *e* ko *i* ita ce *c* ɗinmu, don haka *fe-ce*, ya yi, yadda ka gan ta haka za ka karanta. *Ch* kuwa *k* ce. Shadda tana da aiki sosai, kuma a tsakiya ake yanka ta kamar a Hausa: *fat-to, det-to, scrit-to*. Wani lokaci ita kaɗai ce alamar shuɗewar aiki. *Ca-de*, yana faɗuwa, *cad-de*, ya faɗi. *Be-ve*, yana sha, *bev-ve*, ya sha. Mai jin Ingilishi kaɗai yakan sha wuya kafin kunnensa ya kama wannan, ɗan Sakkwato kuwa da shi ya tashi.

Har *yaz zo* tana da 'yar'uwa a can. A furucin Rum da Tuskani da kudancin ƙasar, bayan wasu gajerun kalmomi da kalmomin da nauyinsu yake a wasalin ƙarshe, baƙin farkon kalma ta gaba yakan ninku ko da ba a rubuta ba. *Ha detto*, ya ce, ana jin ta "addetto". *È venuto*, ya zo, ana jin ta "evvenuto". Mutanen arewacin ƙasar galibi ba sa yi, kuma ba wanda yake rasa fahimtarsu.

Inda za a yi gumi wuri biyu ne. Na farko nauyin murya. Hausa karin sauti gare ta, Italiyanci kuwa gaɓa ɗaya yake dannawa a kowace kalma, kuma matsar da ita yana sauya magana. *Parlo* da nauyi a farko, ina magana. *Parlò* da nauyi a ƙarshe, ya yi magana. Alamar da ke kan wasalin ba ado ba ce. A jam'i nauyin yana komawa gaɓa ta uku daga ƙarshe, ba a kuma sa masa alama: *par-LA-ro-no*, sun yi magana, *par-LA-va-no*, suna magana a da. Mai koyo yakan kai shi kan *ro* ko *va*. Na biyu shi ne *s* mai baƙi a bayanta. Kunnen Bahaushe zai yanka *vis-to*, amma ƙa'idar rubutunsu *vi-sto* ce, *ri-ma-sto*, *chie-sto*. A kuma yi hattara da cusa wasali, kada *scritto* ta koma "sikiritto".

10. Wa zai yi, kuma yaushe?

Ba sai wanda ya yi boko mai zurfi ba. Kaka mai tatsuniya ita ce babbar malamar shuɗaɗɗen lokaci na biyu a gidan, domin tatsuniya daga farko har ƙurunƙus a kansa take tafiya: sai gizo yat tashi, yaɗ ɗauki sanda, sunka gamu da kura. A bar ta ta yi da harshenta. Washegari yayan yaron ya sa shi ya maimaita labarin da Hausar littafi, ko ya rubuta jimla uku daga ciki. Minti goma bayan sallar isha'i ko kafin a tafi makarantar safe ya wadatar, in dai kullum ne. Labaran Rima Radio ma abin aiki ne: a saurari jimla ɗaya, a tambayi yaro ko "sun" ya ji ko "suka", kuma me ya sa.

Wajen gyara, a maimaita daidai ɗin kawai. Yaro ya karanta *ya kama* a inda aka rubuta *ya kakkama*, uwa ta ce "Ɗan nan, tafa mini ita mu ji." Zai gano da kansa. Bulala da dariyar 'yan'uwa ba abin da suke koyarwa sai rage murya, kuma wanda ya rage murya ba a jin kuskurensa balle a gyara.

11. Idan an yi duk wannan abin bai motsa ba, a duba kunne.

Yaron da ya kai shekara shida ko bakwai bai rarrabe *kama* da *kakkama* a ji ba, ko yana yawan cewa "iye?", ko yana juyo da kunne ɗaya wajen mai magana, wataƙila ba taurin kai ba ne. Ciwon kunne mai zubar da ruwa, da ƙyanda, da sanƙarau, duk suna iya rage ji, kuma sanƙarau ba baƙo ba ne a wannan yanki lokacin zafi. Ƙananan sautukan ƙarshen kalma, irin *t* da *s*, su ne suke fara ɓacewa. A gwada shi a gida: a tsaya a bayansa inda ba ya ganin baki, a faɗi kalmomi da murya ta yau da kullum, ya maimaita. Idan ya fi kamawa sa'ad da yake kallon leɓe, a kai shi asibiti sashen kunne da hanci da maƙogwaro a auna jinsa. Kafin ranar ganin likita, a roƙi malaminsa na boko da na allo su matso da shi layin gaba, kuma kada a ɗiga masa mai ko wani magani a kunne sai wanda likita ya rubuta.